Mutanen Gaya, Ku Bar Robinson Ya Ƙetare

Mutanen Gaya, daga jin an ce Edward G. Robinson har kun fara turo baki. Kafin ku furta ma na san maganar: me ya haɗa kifi da kaska? Mutumin nan Ba'amurke ne, ɗan fim ne, ƙasa ta rufe idonsa tun 1973, bai taɓa shan ruwan kogin Isa ba, balle ya san hanyar Kamba. To ku sassauta. Ni Bagobiri ne, kun kuwa san tsakanin Bagobiri da Bazabarme ba a zuwa gaban alƙali. Dendawa ɗaki guda kuke da Zabarmawa, saboda haka wasan ya hau kanku. Sauran mazauna garin, Hausawa da Fulani da Kyangawa, sai haƙuri, zama da maɗaukin kanwa ne ya ja muku.

Abin da ke ba ni dariya shi ne wai yau Gaya ce ke tambayar baƙo asalinsa. Tun da aka gina gadar Malanbil a 1958, me ya rage bai bi ta kanta ba? Shinkafar Tailan, taba sigari, dilolin gwanjo, motoci 'yan Kwatano, duk a garinku suke kwana kafin su san hanyar Najeriya. Da aka toshe gadar da kwantena bayan juyin mulkin Yulin 2023, zama kuka yi kuna kuka? Ina! Gangarawa kuka yi bakin ruwa. Duk wanda ya ga an cika kwale-kwale da buhunan albasa, an ɗora babur a kai, an ɗora mai babur a kan babur ɗinsa, ga wata Hajiya a gefe rungume da daron kifi, saura yatsa huɗu ruwa ya shigo, matuƙi kuma na ta kiran "saura mutum biyu", ya san ba a hana mutumin Gaya ƙetarar da abin da ya yi niyya. Ni kuwa labari guda tak na ɗauko, kun tsare ni a gaɓa kuna neman takardun duwan.

To ga takardun. An haife shi a Bukares, babban birnin Romaniya, ranar 12 ga Disamba 1893, a gidan Yahudawa. Sunansa na yanka Emanuel Goldenberg. Tsangwamar da ake yi wa Yahudawa a lokacin, har wasu 'yan iska suka far wa wani ɗan'uwansa, ita ta sa gidan ya tattara ya nufi Amurka. Ya sauka Niyok a 1904 yana ɗan shekara 10, ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci. A unguwar baƙi talakawa ya tashi. Da farko limancin Yahudawa ya so, daga baya ya ce lauya, a ƙarshe makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ba shi gurbin karatu kyauta. A nan ya ajiye Emanuel ya ɗauki Edward Robinson, ya maƙale G ɗin Goldenberg a tsakiya don kada ya manta gida. Ya fara hawa dandamali a 1913, ya shiga manyan gidajen wasa na Broadway a 1915, ya shekara goma sha wani abu yana fitowa a matsayin ɗan kowace irin ƙasa kafin duniya ta san da shi. Harsuna kuwa ya tara su, har da Faransanci da Jamusanci. Wanda ya ƙetare ruwa neman abinci, ya sauya suna, ya iya yaren duk wanda zai yi ciniki da shi, in ba ɗan Gaya ba ne ai ɗan uwansu ne.

Ga ƙanena ɗan kabu-kabu can ya kashe babur yana tambaya: "Yaya, shi wannan Robinson ɗin yana faɗa kuwa? Ya kai Jet Li?" Ƙanena, ko kusa. Gajere ne, kakkaura, mai faffaɗar fuska da faffaɗan baki, murya kuma ta hanci. Ba ya tsalle, ba ya kareti. Bos ne. A 1931, yana da shekara 37, kamfanin Warner ya fitar da Little Caesar, inda ya fito a matsayin Rico, wani ɗan ƙaramin ɓarawo da ya shigo birni da niyyar sai ya zama wani. Ya tattake na gabansa ɗaya bayan ɗaya har ya hau kujerar ubangidansa, ya sa kwat mai tsada da zoben lu'ulu'u, sannan komai ya zube, 'yan sanda suka harbe shi a bayan wani allon talla. Tun daga ranar, duk bos ɗin da ka gani da ƙaton sigari a gefen baki yana tura yara aika-aika, da jinin Rico a jikinsa. In kana son ganin inda ya ƙure maleji, nemi Key Largo na 1948. Farkon fitowarsa, yana kwance cikin bahon wanka, ruwa har ƙirji, fanka na kaɗa masa, sigari a baki, abin sha a hannu, bai ce uffan ba amma ka riga ka san mutanen otel ɗin da ya sauka sun shiga uku. Humphrey Bogart ne jarumin fim ɗin, amma Robinson ake tunawa.

Kada ka yi saurin sara masa dai. Labarin da ya daɗe yana yawo a Holiwud shi ne, wannan bos da ya firgita Amurka ba ya ƙaunar ƙarar bindiga. Da ya danna kunama sai ya runtse ido, har sai da masu shirya Little Caesar suka riƙa manne masa fatar ido da salatif. Ka ga ashe shi ma irin jarumtar fadarku gare shi, wadda ke ƙarewa da zarar motar jandarma ta sawo kai.

Alhaji mai sito, na ga ka gaji da wannan surutu. Tambayarka guda ce: "To nawa ya tara?" Ya tara, Alhaji, amma abin da ya yi da kuɗin zai sa ka yi salati. Zane-zanen fenti ya riƙa saye, na su Renoir da Cézanne da Gauguin da Van Gogh, ya cika bangon gidansa da su. Na ji ka: "Hoto? Ba fili, ba tirela, ba ko garken shanu?" Tsaya ka ji ƙarshen. Da aurensa da Gladys Lloyd ya mutu a 1956, rabon dukiya ya tilasta masa sayar da su, wani attajirin jiragen ruwa ɗan ƙasar Girka, Stavros Niarchos, ya kwashe su a kan kuɗi fiye da dala miliyan 3, kuɗin wancan zamani. Yauwa, ga shi ka gyara zama. Sai dai shi baƙin ciki ya yi, kuma da ya farfaɗo sayen zanen ya koma. Akwai kuma fim ɗinsa guda da ban so ka gani da dare, Double Indemnity na 1944. A ciki mai binciken kamfanin inshora ne, wanda ke cewa akwai wani ɗan mutum a cikinsa da ke murɗa masa hanji duk lokacin da aka kawo masa takardar ƙarya. Da irinsa aka taɓa turowa ya duba takardun kayan da aka rubuta za su wuce amma suka yi kwana a hanya, da wasu benaye a garin nan ba su kai linta ba.

Allah gafarta Malam, kai kuma ka ce ɗan daba nake yi wa kirari. Rigar aiki ce, Malam. A 1939, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba, ya fito a Confessions of a Nazi Spy, ɗaya daga cikin finafinan farko na manyan kamfanonin Holiwud da suka kama sunan 'yan Hitila suka tona musu asiri. A 1940 ya fito a matsayin Dakta Paul Ehrlich, likitan Jamus da ya gano maganin tunjere. Lokacin yaƙin ya riƙa magana ta rediyo da mutanen Turai cikin harsunansu, ya kuma zuba kuɗi a ƙungiyoyin agaji da na adawa da 'yan Nazi. Wannan alherin ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Bayan yaƙi, kwamitin majalisar Amurka mai farautar 'yan kwaminis ya ce wasu daga cikin ƙungiyoyin nan na kwaminis ne, manyan kamfanoni suka ja baya da shi, ya koma ƙananan finafinai. Kada kuma Malam ya zaci waliyyi nake tallatawa. A 1952, da wuya ta yi wuya, ya zauna gaban kwamitin ya ce yaudararsa aka yi, ya ambaci sunayen mutane, har da marubuci Dalton Trumbo. Bos ɗin da ya ƙi miƙa wuya a fim ya miƙa a zahiri. Sai a 1956 mai shirya fim Cecil B. DeMille ya tsamo shi, ya ba shi rawar Dathan a The Ten Commandments, munafukin da ke zuga Bani Isra'ila su bauta wa ɗan maraƙi. Ko a farfaɗowar tasa mugu aka sake ba shi.

Masu cewa bai san Afirka ba, ku ma ga naku. A 1962 ya zo gabashin Afirka ɗaukar Sammy Going South, labarin yaron da ya rasa iyayensa a harin Fot Sa'id na 1956, ya kama hanya shi kaɗai zuwa Durban neman gwaggonsa. A wurin aikin ciwon zuciya ya kama Robinson har aka kwantar da shi asibiti a Nairobi, ya warke ya ƙarasa fim ɗin. Kun san a matsayin wa ya fito? Tsohon ɗan fasa-ƙwaurin lu'ulu'u mai kirki, wanda ya riƙe yaron tamkar ɗansa. Ɗan fasa-ƙwauri mai kirki! Na ga wasu dattawa a layin gaba suna gyaɗa kai, wai sai yanzu na fara magana.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ga abin da ya kawo ni. A 1957 wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanya kafin ya koma ɗaukar fim, yana binciken 'yan ci-ranin Nijar a Abijan. A unguwar Treichville ya haɗu da wasu samari da suka raba wa kansu sunayen 'yan silima: wannan Eddie Constantine, wancan Tarzan, yarinyar da suke so kuma Dorothy Lamour. Cikinsu akwai wani Bazabarme haifaffen Yamai a 1935, wanda ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, ya yi yaƙin Indocin, ya dawo gida bai sami aiki ba, ya gangara tashar jiragen ruwa ta Abijan yana dako. Sunansa Umaru Ganda. Sunan da ya fito da shi a fim ɗin da Rouch ya yi da su kuwa, Edward G. Robinson. Ga dogaye kyawawa birjik a Holiwud, amma gajeren bos ɗin nan ya ɗauka. Ni a ganina ɗan dako ya fi kowa gane Rico, baƙon da ya shigo birni aljihu wayam, yana kallon motocin wasu yana cizon yatsa.

Fim ɗin shi ne Moi, un Noir, ya fito a 1958, shekarar da aka gina gadarku, ya kuma ci kyautar Louis Delluc a Faransa. Kamarar Rouch irin wadda ake murɗawa da hannu ce, 'yan daƙiƙu take yi a sake murɗa ta, kuma ba ta ɗaukar murya. Saboda haka bayan an gama aka zaunar da Ganda gaban hotunan, ya riƙa kallon kansa yana magana yadda ta zo masa: buhunan da yake sauke wa masu kuɗi, mafarkin zama zakaran dambe, matar da wani Ba'italiye ma'aikacin jirgi ya ƙwace masa da kuɗi. A ƙarshen fim ɗin yana tafe a bakin ruwa da wani yaro yana ba shi labarin Indocin. Sai ya faɗi ƙasa rub da ciki, ya ja jiki, ya jefa gurnetin da babu, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ci gaba da tafiya, yana ƙorafin cewa duk wannan ya yi wa Faransa amma ga shi ba shi da ko sisi. Mai shirya fim Jean-Luc Godard ya yaba fim ɗin matuƙa, masana kuma na lissafa shi cikin abin da ya buɗe hanya ga sabon salon fim na Faransa. Muryar ɗan dakon Yamai ce ta yi wannan aiki.

Na san karin maganar da Baba ke shirin jefo mini: kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, Baba, kuma Ganda ya riga ka sani. Amma ku da ke cin abinci da gwanjo kun fi kowa sanin cewa kwat ɗin Bature in ta faɗa hannun tela mai basira, ya rage hannu ya ɗage kafaɗa, mai ita ma ba ya gane ta. Ganda ya sa sunan aro har ya kai shi inda zai kai shi, sannan ya tuɓe. Ya dawo Yamai ya koyi riƙe kamara da kansa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da harshen Zabarma, labarin tsohon sojan Indocin ne da abokai da 'yan mata suka cinye kuɗin sallamarsa, ya koma neman gona. An nuna shi a bikin Cannes a 1969, shekara 20 cif bayan Robinson na ainihi ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a wannan bikin da House of Strangers. Sai Le Wazzou polygame, wanda Alhaji zai so ya kalla tare da iyali: wani ya dawo daga Makka da sabon suna da sabon kuɗi, ya ƙwace budurwar wani saurayi ya yi ta uku, kishi ya tashi, aka aiko kisa, aka kashe wadda ba ita aka nufa ba. Da wannan fim Ganda ya ɗauki Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka taɓa ba da kyautar. Ya biyo da Saitane, kan wani boka mai rigar malamai, sannan L'Exilé a 1980. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45.

Yanzu ku auna. Robinson ya yi finafinai kusan 100, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sa sunansa cikin 'yan takarar Oscar ba. Na ƙarshensa, Soylent Green, ya yi shi yana fama da ciwon daji, kunne ma ya yi nauyi. Labarin duniya ne a shekarar 2022, zafi ya yi yawa, mutane sun yi yawa, abinci ya gagari talaka, wato abin da kuka gani da idonku ba tare da kun sayi tikiti ba. Ya rasu ranar 26 ga Janairu 1973 yana da shekara 79, sai a watan Maris aka miƙa wa matar da ya bari Oscar ɗin girmamawa. Mai aron suna ya ɗaga nasa kofin shekara guda kafin Oscar ɗin mai suna ya iso, kuma da hannunsa ya ɗaga. Yau a Yamai akwai cibiyar al'adu mai sunan Umaru Ganda, a FESPACO kuma akwai kyauta da sunansa da ake ba wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko. Ko Bagobiri, duk da abin da ke tsakani, dole ya cire hula a nan. Na cire, na kuma mayar.

Ba Ganda kaɗai ba ne. A 1966 Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokai, suka hau dawakai da sunaye irin su Black Cooper suka hana ƙauye sakat. Alasan ya ga hatsarin aron da ba a tuɓewa, ya mai da shi abin dariya. A fim ɗin ne Zalika Souley ta fara fitowa, ita da daga baya mutanen Yamai suka riƙa zagi a titi saboda rawar miyagun mata da take takawa. Ciwon Robinson ke nan sak: ka iya aikinka har mutane su kasa raba ka da shi.

Saboda haka ku daina yi mini kallon wanda ya kawo kayan da ba a yi oda ba. Je ka kowace fada a Gaya da yamma, shayi na kan wuta, ka kira Messi ko Ronaldo ka ga mutum nawa za su waiwayo. Aron suna kam kun iya, ba wanda ya kai ku. Rabi na biyun ne ban gani ba. Wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabun nan ta fi kamarar Rouch nesa ba kusa ba, tana ɗaukar murya, ba a murɗa ta, amma abin da aka sa ta shi ne ɗaukar rawar biki da faɗan tasha. Ga masu dafa gishiri a Fogha, ga dazukan giginya, ga masunta, ga gari guda da ƙasashe uku ke numfashi ta cikinsa, ga matasa da ke tafiya Kwatano da Legas su dawo da labarin da ya fi na Cabascabo. Wa kuke jira ya zo ya ɗauka? Wani Bafaranshen?

In kun tashi, jarumi ba zai yi wuya ba, kowane saurayi a garin nan ya riga ya ɗauki kansa jarumi. Bos ne aiki, shi ma na samo muku. Alhaji mai sito ga tsayin daidai, ga tumbin, ga zoben, ga muryar da ke sa yaran shago rawar jiki, ko kwalliya ba sai an yi masa ba. Ba ma sai an sayi salatif ba, don ƙarar bindiga ba ta sa Alhaji runtse ido. Sai an zo biyan 'yan wasa.